Muryar da ta fita daga gurup ɗin masu zabi

Assalamu alaikum uwar shafi, da ku masu karatu manya da ƙanana. Ina gaishe ku da haƙurin sauraren damuwar mutane. Don girman Allah ki ɓoye lambata, sunayen da zan ambata kuwa duk na canza su. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi a makarantar yaƙi da jahilci, ina goye da autana. Kuma kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙasa, don zaginku ba zai kai wanda nake yi wa kaina ba.

Daminar bana ce, wadda ba mu gama fita cikinta ba. Shekara ce mai nauyi. Ruwa ya yi jinkiri har mutane suka yi shuka biyu, da ya zo kuma ya zo da faɗa, katangu suka yi ta zubewa a unguwarmu nan garin Tawa. Maigidana yana Abijan wajen bida, wato neman kuɗi, kamar yawancin mazan Adar, ni da yara ne a gida, sai zabina, sai waya.

Can baya ɗiyata ta taɓa buɗe mini shafi a babban dandalin nan da kowa ke hawa, wai in riƙa ganin hotunan dangi. Ban daɗe ba na gudu. Wurin kamar tashar mota yake, namijin da ba ka sani ba ya kira ka kyakkyawa, a nuna gawar mutum kafin uwarsa ta ji, hoton da muka ɗauka wajen suna ma na gan shi hannun wani yana tallan atamfa da shi. Sai wata maƙwabciya ta sa ni cikin wani ɗan gurup na mata masu kiwon zabi. Ba mu kai talatin ba, wasu nan cikin gari, wasu a Bambay da Tebaram da ƙauyukan gefe. Zancenmu zabi ne kawai: yadda za a sa wa kaza ƙwan zabuwa ta kwanta a kai, inda ake tono gara a ba ƴan tsaki, sassaƙen maɗaci cikin ruwan sha idan suka fara sauke fiffike. Wanda bai taɓa tashi da safe ya tarar da tsakinsa sun sandare cikin kwando saboda sanyi ba, ba zai gane abin da ya haɗa mu ba. Yawancinsu ba su karatu, vokal suke turowa, wato saƙon murya, kana jin daka da carar zakara a bayan muryarsu. Da yake ni ina iya karanta suna da lamba, sai suka ba ni riƙon gurup ɗin, ni ke sa mutum, ni ke cirewa. Uwar zabi suke ce mini. Ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi. Har wa'azi nake yi wa ƙawayena, ina cewa ku baro kasuwa ku shigo ɗaki, ga inda ake zumunci na gaske, ba baƙo, ba namiji, abin da aka faɗa nan, nan yake kwana. Ni da bakina na kafa wannan doka.

Mata biyu za ku riƙe. Ta farko Madam Zali, ma'aikaciyar jinya ce da aka turo aiki garinmu, Bazabarma, ba ta da kowa a nan. Ta shigo ne don zabin da aka ba ta kyauta suna ta mutuwa. Hausarta a karye take, muna tsokanarta, “Madam, zabonki ma da Zabarmanci yake kuka?” Ta yi dariya ta ce, “Shi ya sa naku ba su aure shi.” Ta biyu Rabi ce, a wani ƙauye kusa da Bambay. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, amma muryarta ta fi ta wasu dangina kusa da ni. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, hoton zabuwar da ke kan gurup take ganewa ta danna.

Wata rana Rabi ta turo guɗa, ta ce an kawo kayan ɗiyarta Balki, yaron da take so ne, mai gyaran babur, ɗan garin Takanamat, ta faɗi sunansa da na babansa. Murna ta kama ni, domin Ilu ne, ɗan yayata Hajo da muke uwa ɗaya. Ni na yi rainonsa lokacin da Yaya ta yi doguwar jinya. Ban faɗa a gurup ba. Na ce bari in yi shiru, ran biki in je in tsaya gaban Rabi in ce ga uwar zabi, ga kuma innar ango. Da na faɗa tun ran nan, da ta san gaban wa take magana.

Ana nan, wata ranar da aka wuni ruwa, wajen la'asar sai ga vokal ɗin Rabi tana kuka. “Ƴan'uwa ku taimake ni, Balki ta faɗi bakin murhu. Abin nan nata ne ya tashi, farfaɗiya, tun tana ƙarama muke ɓoyonta. Madam kina ji na? Mi za ni yi?” Nan take Madam ta amsa, a natse, da Hausarta mai karyewa: “Rabi, kwantar da Balki gefe ɗaya, kar ki sa komai bakinta. Farfaɗiya ba iska ba ne, ciwo ne, akwai magani. Kawo ta wurina gobe. In tana shan ƙwaya za ta yi aure, ta haihu, ta tsufa.” Mata suka yi ta addu'a. Ni ma na tura tawa.

Daga nan na kasa zama. Ina shara ina ganin Ilu, ina ganin matarsa ta faɗi bakin rijiya da jaririnsa a baya. Ba haƙƙinsu ba ne su sani? In abu ya faru gobe aka ji na sani na yi shiru, da wane ido zan dubi Yaya? Amana ta fi jini ko jini ya fi amana? Na ce wa kaina ai ba tonawa zan yi ba, zan tura duka biyun ne, na Rabi da na Madam, don Yaya ta ji daga bakin ma'aikaciya cewa abin yana da magani, a shiga auren da sani. Haka na lallashi kaina. Gaskiyar ita ce na san Yaya. Tun muna yara ruwa ba ya kwana a bakinta. Na sani, kuma na danna. Na kira ta na ce, “Yaya, ki ji ke kaɗai, ki goge.” Ta ce, “Haba ƙanwata, ni yarinya ce?”

Kafin kasuwa ta zagayo, dangin Ilu sun aika a maido musu kayansu. Shi yaron ya yi ta faɗa, aka ce ko uwa ko mata, ya ɗauki jakarsa ya yi arewa. Da a nan ta tsaya, da da sauƙi. Muryar ta yi ta yawo daga waya zuwa waya, har wani mara tsoron Allah ya ɗora ta a babban dandalin nan da na guda, ya haɗa da hoton Balki cikin kwalliyarta ta ranar kawo kaya. Kuma ba ta Rabi ce ta yi yawo ba, kuka ya yi mata yawa ba a jin abin da take cewa. Ta Madam ce. Ga sunan yarinya, ga sunan ciwo, ga Hausar da duk garin nan aka san mai ita. Wanda bai san asali ba, me zai ji? Ma'aikaciyar likita tana tallar ciwon mara lafiya.

Na kira Yaya. “Yaya, ba kin ce za ki goge ba?” Ta ce, “Na goge mana, bayan na tura ma babanshi. Ke kin yi zumunci, Allah shi biya ki. Mi ya haɗa ki da ɗiyar wasu?” Har da dariya.

Gurup kuwa ya kama da wuta. Ba a sake zancen gara ko maɗaci ba. Wannan ta ce dama baƙuwa ce, waccan ta ce ita kaɗai ke da babbar waya, ita ke hawa ko'ina, ƴan lakkol masu ilimin boko ba su da sirri. Madam ta rantse har muryarta ta dushe: “Wallahi ban tura kowa ba. Ni zan tura muryar kaina?” Tambaya ce mai hankali, amma wa ke neman hankali ran nan? Mai laifi ake nema, kuma wanda ba shi da dangi a gari ya fi sauƙin ɗauka. Ina riƙe da waya ina ji, ina iya kashe wutar da kalma uku, ni ce nan, na kasa. Sai Rabi ta turo, muryarta ta mutu, ba kuka ba faɗa: “Uwar zabi, ke ce babbarmu. Ki fid da ta. Cikin wagga duniya ke kaɗai na yarda da ke.” Jama'a, na cire ta. Da wannan yatsan da ya tura muryar, da shi na cire ta. Aka yi ta sa mini albarka.

Yanzu ɗaki bahagon wuri ne gare ni. Kun san abin da na gane, da ɗaci? A kasuwa ba wanda ke kwance zanensa, don kowa ya san kasuwa ce. A ɗaki ake kwancewa. Rabi ba za ta taɓa hawa babban dandali ta faɗi ciwon ɗiyarta ba, mu ta faɗa wa, don ni na ce mata akwai katanga. Ina katangar? Mu ne katangar, kuma kowace cikinmu tana da yaya, tana da miji, tana da wanda ba ta iya ɓoye wa abu. Masu cewa ƙananan gurup su ne maganin waccan hayaniyar, ni na fi su faɗa da ƙarfi, ga inda na ƙare. Babban dandali ya saci hotona, ni na saci rayuwar yarinya. Kuma ku dubi abin kunya, yau da na rasa wanda zan faɗa wa, cikin kasuwar na dawo, wurin baƙi, don ku ba ku san fuskata ba. Ke ma uwar shafi, lambata tana hannunki kamar yadda muryar Rabi ta kasance a nawa. Allah ya sa kin fi ni.

Balki an ce ba ta leƙa ko ƙofar gida. Gurup yana nan amma kamar gidan makoki, sai gaisuwar Juma'a. Na so in bar abin ya mutu haka, in yi ta istigfari. To jiya bayan la'asar ina ba zabi dusa sai na ji sallama, Madam Zali ce. Ta rame, ko gyalen kirki ba ta yafa ba. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Ta ce ƴan'uwan Rabi sun kai ƙararta wurin majo, shugaban wurin aikinsu, cewa ta tona asirin mara lafiya. Sati mai zuwa za a zauna. Ana iya dakatar da ita, kuma ko an bar ta, mata sun fara kauce wa layinta, ba mai son faɗa mata ciwonta. Ta ce, “Inna, ban zo da fushi ba. Na san matsa miki suka yi kika cire ni. Ke kika riƙe gurup, maganarki tana da nauyi. Zo kawai ki faɗa musu halina.” Na ce, “To, Madam, Allah shi fid da mai gaskiya.” Ta ce amin, ta riƙe hannuna da hannu biyu.

In na je na faɗi halinta kawai, na ƙara ƙarya kan ƙarya, kuma ba lalle ya fitar da ita ba, don za a ce to in ba ita ba, wa? In na faɗi gaskiya, Yaya za ta yanke ni, maigida zai ji daga Abijan cewa matarsa ce ta ɓata auren ɗiyar mutane, Rabi za ta ji cewa wadda ta yarda da ita ce. Ina da ɗiya budurwa a ɗaki, wa zai nemi ɗiyar macen da aka sani da wannan? Shekara da shekaru ana ce mini mai haƙuri, mai sanyin magana, ko da maƙwabta ban taɓa ɗaga murya ba. Ashe sanyin magana ma yana kashe mutum.

Yau da safe na yi wanka, na sa hijabi, na kama hanyar gidan likita da niyyar in shiga wurin majo in faɗi komai kafin ƙarfina ya ƙare. Na isa har ƙofar ofishinsa, a buɗe take, yana zaune yana rubutu. Ƙafata ta wuce da kanta. Sai ga ni a bencin marasa lafiya, a layin Madam da ba kowa. Ta gan ni ta yi murna, ta ɗauka zancen shaida ya kawo ni. Na ce kaina ke ciwo. Ta naɗa mini abin awo a hannu, ta matsa, ta duba, ta ɓata fuska. “Inna, tansiyonki, jininki ya hau sosai. Me kike sa wa ranki?” Na ce ba komai. Ta ce in rage gishiri, in rage tunani, ta raka ni har bakin ƙofa.

Daga can na dawo na zauna na rubuto muku wannan. Zaman yana nan sati mai zuwa, kuma tana jira na. Don Allah, me zan yi?