Kwana Biyar a Ƙasa, a Ƙasar Ayalan

Unguwar Mansur, Makka
3 ga Shawwal, 1371

Zuwa ga mijina Rabe, sanyin idona, inuwata a tsakiyar rana, ya ruhi.

Takardarka ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Ka ce jirgin ruwanku ya tsaya gyara a Kok, wani gari na bakin teku a ƙasar Ayalan, har wata guda, kuma kai da Yunus, abokin aikinka a ɗakin inji, kuna son ku taka ƙasar Ayalan kwana biyar, ƙauye zuwa ƙauye ta bakin teku. Sai ka ce kunya ta hana ka, wai yaya za ka yi yawon shan iska ni ina nan cikin zafin Makka. Wane namiji ne zai tsaya gaban aljannar duniya ya fasa shiga don matarsa na gumi? Kai kaɗai ne, Rabe. Saboda wannan halin na zaɓe ka.

Ka tafi. Amma ka saurare ni, don kai haifaffen Makka ne, ni kuwa da ƙafata na zo daga Sakkwato, shekara huɗu a hanya. Kada ka sa sabon takalmi. Ka shafe ƙafarka da mai kowace safiya. Ranar farko ku yi zango tun ba ku gaji ba, rana ta uku ce ke karya matafiyi. Ka bar salka, tunda ka ce ƙorama ce ko'ina, ka ɗauki bargo da abin kare ruwan sama. In kun nemi masauki a gidan manomi, ka fara gaida tsohuwar gidan.

Da gaske ne ana ruwa da bazara har ciyawa ta hau duwatsu? Da gaske tumaki na kwana a waje babu makiyayi, rana kuma ba ta faɗuwa sai mutum ya ƙosa da jiran magariba? Ina tuna hawanmu Ɗa'ifa a watan aurenmu. Ƙafarka ta yi bororo tun kafin mu kai rabin dutsen, ka ɓoye mini, kana ta ba ni labari kana ɗingishi, kayana a kanka. Da muka kai sama ka tsinko mini rumman kafin ka zauna. Kai ne iskar saman dutsen nan, kai ne ruwan farko a bakin mai azumi. Ina zaune a ɗaki bango na huci, in na ambaci sunanka sai in ji sanyi har ƙirji.

Ka duba mini komai. Ka ƙirga mini kalar kore nawa Allah Ya yi, ka sa mini ganye ɗaya a takarda.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da muka binne mahaifina a hanyar Fashir, lokacin tahowarmu daga Sakkwato, ƙishirwa ta kashe shi, na ce in na ga Ka'aba ba zan sake doguwar tafiya don son raina ba. Ɗa'ifa ma don kai na hau. Jiya kuwa na kai takalmina wajen baduku ya gyara mini. Ka aiko mini ranar da jirginku zai shigo Jidda. Ba zan hau mota ba, da ayari zan taho a ƙasa, kwana biyu, in tarye ka.

Taka ce ni, Rabe, yau da gobe, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

Saudatu