Fuskar da Na Dusashe a Bikin Mindelo

Ondina, ruwan saman tsibirin da ya manta ƙamshin damina, inuwata a ranar da duwatsun garin nan suke huci, gishirin tekun da ya kama fatata ya ƙi fita,

Na gaji. Kafaɗata har yanzu tana jin nauyin kyamarar makaranta, ƙafafuna sun tashi kamar ƙullun burodi. Ni ce mai furfurar da ta koma aji koyon ɗaukar fim, cikin yaran da ke ce mini, "Gwaggo, a riƙe miki jaka?" Ni kuma aka tura in ɗauko Bikin Alfahari, ranar da irinmu, mata masu son mata da maza masu son maza, suke fita titin bakin teku da ganguna da tuta mai launin bakan gizo. Kin ce mini ba za ki zo ba. Kin ce shugabar makarantar firamare irinki ba ta shiga irin wannan taro, kuma Nha Bia, mahaifiyarki, ba abin da ke wuce kunnenta a garin nan.

Sai ga ki!

Ina bin masu ganga, wani mai dogon takalmi da gashin aro yana yi mini tsiya, "Ke tsohuwa, ɗauke ni ta hagu, damata ta riga ni tsufa!" Na juya, sai na hange ki a gindin wata bishiya kina dariya. Wace irin dariya ce wannan, Ondina? Igiyar ruwa ce da ta sami gaɓa babu dutse. Tun gashinmu yana baƙi nake dafa miki kacupa, faten masara da wake, ran Lahadi, ki ci ki yi dariya bayan an rufe taga, amma ban taɓa ganin rana ta haska haƙoranki haka ba. Na bar ganguna suka wuce, na tsayar da kyamara a kanki.

Sai da na zauna tace fim na lura da wuyan hannunki. Zare ruwan ɗorawa ne ɗaure a wurin. Kin san ma'anarsa kamar yadda na sani: masu shirya bikin suna ba da shi ga wanda ba ya son a nuna fuskarsa, kuma duk mai kyamara ya yi alkawarin kiyayewa. Wato kin zo gani na, da sharaɗin kar in gan ki.

Malaminmu, wanda da na yi aure da wuri da na haife shi, ya tsayar da hoton ya ce, "Dona Arminda, ai nan zuciyar fim ɗin take! Wace ce? Ki nemi yardarta, in ba haka ba a dusashe fuskar." Na ce, "Wata ce cikin 'yan kallo." Ni da na cika ɗaki da littattafai, na yi musu da limamin coci har ya sauya titi in ya hango ni, wannan ce amsar da bakina ya samu!

Ina fushi da garin da yake rawa da mu yini ɗaya, ya koma raɗa sauran shekara. Ina fushi da ke, da kike gabatar da ni a gidan makoki a matsayin "ƙawata tun ta makaranta". Har yaushe, farin watana? Sai mun zama tsofaffi biyu da ake tausaya wa don ba su sami miji ba?

Kin san yadda ake dusashe fuska? Na'ura ba ta iya bin mai dariya, don kai ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sai da hannu, hoto bayan hoto. Na bi goshinki, na bi ɗan tabon da ke gefen girarki, na bi kumatun da na fi sanin su fiye da nawa, ina zuba musu hazo. Ban taɓa kallonki tsawon lokaci haka ba, kuma don in shafe ki ne. Na gama. Ko Nha Bia ba za ta gane ki ba.

Ran Juma'a da rana za a nuna fim ɗin a zauren makarantarmu ta fim, ƙofa a buɗe ga kowa. Ban roƙe ki ki fito a allo ba. Kujerar da ke kusa da tawa nake roƙon ki cika. Idan wani ya tambaye ni wace ce wannan, zan dube ki, abin da kika faɗa shi ne.

In ba ki zo ba, ba zan bar ki ba. Kin san haka, kuma wannan sanin naki ne ya fi komai gajiyar da ni.

Taki, har ranar da teku zai daina dukan gaɓar garin nan,

Arminda