Matar da Ta Bugo Waya Ranar Talata

Zuwa ga matar yayana, Wagai,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama? Yaya yara, an fara tsinkar kofi kuwa? Jakar da kika saƙa mini ta iso, kowa a gidan rediyo sai ya yaba. Ni lafiya lau nake a nan babban birni, Mosbi, sai dai kwana biyun nan abinci ba ya shiga.

Kin san shirin da nake gabatarwa kan ƙanjamau, wanda ake bugo waya ba a faɗin suna. Ranar Talata wata mata ta kira daga can gida Simbu. Ta ce, “’Yar’uwa, mijina direban babbar mota ne. Na tsinci ƙwayoyin maganin cutar a ɓoye cikin takalminsa. In na je gwaji, danginsa za su ce ni na kawo musu.” Na faɗa mata abin da nake faɗa wa kowa: ta je asibiti, akwai magani, ana rayuwa da cutar. Sai ta yi irin dariyar da kike yi in kin ji kunya, layin ya yanke.

Wagai, kaina ya kulle. Ba mijinki kaɗai ne direba ba, direbobi suna da yawa, layin ma ba kyau, wataƙila kunnena ne. Sau uku ina ɗaukar waya in kira mijinki, Yaya Kaupa, ina ajiyewa.

In ba ke ba ce, ki yafe mini, ki yaga takardar nan. In kuwa ke ce, ni ma danginsa ce, kuma ba zan taɓa faɗin haka ba. Zan zo gida Kundiawa lokacin hutun Ista, mu je asibitin tare.

Ki aiko mini da gyaɗa. Allah ya tsare ku.

Ƙanwar mijinki,
Merolin