Hannun Sani

Laraba, bayan isha'i

Da asuba na sakar wa tumatir ruwa, sannan na shiga Kano wajen lauya.

Kamfanin jirgin ruwan da ƙanena Sani ya yi wa aiki ya turo amsa. Sun yarda igiyar jirginsu ce ta karya masa hannun dama, amma wai mai ɗori ne ya nakasa shi, tunda an cire filastar likitansu. Lauya ya ce in babu hoton ƙashin da aka ɗauka kafin ɗorin, mu manta da diyya. Ya tambaye ni, "Malam Habu, wa ya kai shi?"

Ni na kai shi, a kan babur ɗina. Kowa a gidanmu can ake kai shi in ya karye, kuma Inna, mahaifiyarmu, ta matsa. Ban yi tunani ba.

Da na dawo gida na gaya wa Sani, ya ce, "Yaya, ci tuwonka, ai ba kai ka ja igiyar ba." Da hagu yake cin nasa. Na kasa kallo.

Gobe:
a nemo hoton, ƙila yana akwatin Inna
feshin tumatir
a gaya wa Inna, ko kuma jibi