Itatuwan Gawo na Gonar Durum

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, amma ban taɓa iya magana da kai yadda ya kamata ba, sai dai in rubuta.

Mahaifiyarka tana lafiya, ta dai rage fita. Geron da ka shuka kafin zazzaɓin ya ɗauke ka ya yi kyau. Maƙwabta ne suka girbe, suka zuba a rumbu.

Baffanka yana so a sayar da gonar. Wani ɗan kasuwa daga Damagaram ya taya, da sharaɗin a sare ƙananan itatuwan gawon da ka bari, don tarakta ta samu hanya. An bar maganar a hannuna.

Ka tuna darasin da nake bayarwa a lise, makarantar sakandare, kan ƙasar Durum? Gero, dawa, gyaɗa, jigawa da fadama, da dokar sarakunan dā da ta hana sare gawo saboda yana raya ƙasa. Kana cikin ajin. Daga bakina ka ji, kai kuma ka ɗauka da gaske. Da ka bar jami'a ka koma gonar kakanka, na ce ka zubar mini da mutunci. Kowace kaka kana aiko mini da sabon gero, kana roƙona in zo in gani. Na ci geron. Ban zo ba.

Ranar da muka binne ka, tsakiyar damina, na fara ganin aikinka. Itatuwan ba ganye ko ɗaya. Ni da na yi shekaru ina koyar da cewa da damina gawo yake zubar da ganye, na tsaya ina cewa a raina sun mutu tare da kai. Ban yi kuka ba, mutane suka yaba haƙurina. Wane haƙuri?

Jiya na koma. Rani ya yi nisa, ko'ina ya bushe, su kaɗai ne kore. Kowanne da tsumman da ka ɗaura masa don masu sassabe su tsallake shi. Me zai rage ni da na zo kana raye?

Na shaida wa baffanka ba za a sayar ba. Tsummokaran sun koɗe, sai na yayyaga tsohuwar rigata ta aiki na ɗaura sababbi. Ban iya ba, ƙaya ta yi ta sukana, amma ban tsallake ko ɗaya ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Ka yafe mini.

Mahaifinka, wanda ya zo a makare.