Motar da Za Ta Bar Ni In Ji Ka

Turlock, ranar Litinin

Zuwa ga Anselmo, maigidana, abin ƙaunata, sanyin idanuna. Inuwar da na fake a ƙarƙashinta shekara talatin da takwas. Ruwan farko mai sauka kan busasshiyar gona. Tsohona mai taurin kai, wanda ya ɗauki jakarsa ya koma ɗakin bayan gidan ƙanensa Gilberto a Gustine, ya bar ni da bango huɗu!

Gaisuwa mai yawa, da ƙauna wadda ta fi gaisuwar yawa. Itatuwan almon sun yi fure, masoyina. Daga ƙofar gidanmu har bakin kwalta fari ne tas, ƙudan zuma sai kai-kawo suke yi, ni kuwa ina tsaye bakin taga da kofi biyu na gahawa, don har yau hannuna ya ƙi koyon haɗa guda ɗaya. Wata huɗu! Wata huɗu rabon da in ji takunka a gidan nan. Likitoci sun cire ciwon daji daga maƙogwaronka, sun bar maka rai, mun gode wa Allah. Muryar ce ta koma raɗa, sai ka yanke wa kanka hukunci cewa mutumin ma ya ƙare. Ka rungumi wani ɗan farin allo da alƙalami, ka mai da su bakinka. Gilberto ya ce ko shi da kuka fito ciki ɗaya, gishiri ma a rubuce kake roƙonsa. An ce shiru ma magana ce. To ni dai ban iya wannan yaren ba, kuma na tsufa da koyonsa.

Ka tuna ranar da na fara jin muryar nan? Ranar bikin coci ce a Gustine, kana kan dakali da guduma a hannu, kana gwanjon kayan da jama'a suka bayar, harshenka na gudu kamar ruwa a kwata. Ina tsaye can baya da jar rigata, ƙuda ya dame ni, na ɗaga hannu na kore shi. Sai kawai ka buga guduma ka ce, "Ya faɗa hannun mai jar riga!" Haka na koma gida da maraƙi a igiya, babana na ta faɗa har ƙofar gida. Ka san sarai ƙuda nake kora, maƙaryaci! Kashegari ka zo wai duba lafiyar maraƙin. Daga ranar nan shekara talatin da biyar kana kiran farashi a kasuwar shanu, manoma na cire hula su saurare ka, ni kuwa ina zaune ina jin daɗi a raina, don na san wannan tsawar duka gidana za ta kwana.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, bari in faɗi laifina da kaina. Ranar da likita ya ce maƙogwaron ya huta, kana iya fara gwada magana, ka rubuta mini cewa mu tafi asibitin a cikin Baƙa, tsohuwar motarka mai silinda takwas, wadda in ta tashi karnukan unguwa ke amsa mata. Ni na ja, don ba ka da ƙarfi tukuna. A gaban likita kai kawai ka gyaɗa, ba ka ce uffan ba. Sai da muka hau hanya, muka wuce madatsar ruwa, ka juyo ka dube ni, leɓɓanka suka motsa. Maganarka ta farko cikin mako shida, ni ka ajiye wa ita! Na ce, "Me ka ce?" Ka maimaita. Injin na ta rugugi. Na ce, "Iye?" Ka sake, har jijiyar wuyanka ta tashi. Ta ukun kuwa, Allah ya yafe mini, na daka maka tsawa irin wadda nake daka wa yaran bas ɗina: "Ka ɗaga murya mana, Anselmo!"

Wayyo ni! Me ya hana ni gangarawa gefen hanya in kashe injin? Ni da na yi shekara talatin ina jan bas ɗin makaranta, ina jin raɗar yaro daga kujerar ƙarshe in kira sunansa ba tare da na waiwaya ba, ni ce na kasa jin mijina yana kusa da kafaɗata? Ka juya ka dubi taga. Da muka isa gida na roƙe ka ka sake faɗa, ka ɗauki allon ka rubuta, "Ba komai." Bayan mako biyu ka haɗa jaka. Na san ba ni na ɗauke maka murya ba, zomo ne ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Amma tsawar nan daga bakina ta fito, kuma kullum da ita nake tashi.

Za ka ce ɗaki ma ai shiru ne, me ya kawo zancen mota? Haba, ni za ka gaya wa halinka? Ni na san ka. Kana iya tsayawa gaban mutum dubu ka yi ta zuba, amma maganar zuciya ba ka taɓa faɗa mini ita a ɗaki ba, ko sau ɗaya. A mota kake faɗa, tana gudu, idonka na kan kwalta. A wata kwana ta hanyar dutse ka ce in aure ka, ko kallona ba ka yi ba. A mota ka gaya mini babanka ba zai tashi ba. A mota ka raɗa wa 'yarmu suna Odete tun tana ciki. Bakinka ba ya buɗewa sai taya na juyawa. Kuma na san ba za ka zauna a motar kai yara makaranta ba, kai da ke cewa motar da ba ta sa hanji ya juya ba, akwatin kaya ce. Gudu kake so, ni kuma shiru nake nema. Don haka ranar Asabar na sa takalmina na tafi San Jose, wurin masu sayar da motar tsere mai aiki da lantarki.

Da ka ga mai sayarwar! Sunansa Warren, magidanci ne mai ɗan tumbi da furfura a gefe. Ya dubi gashina, ya dubi jakata, ya ce, "Uwargida, ɗanki za ki yi wa kyauta ne?" Na ce, "Ba ni makulli, bawan Allah, tun kana tsotsar yatsa nake jan abin da ya fi shagon nan tsawo." Ashe ma babu makulli, wani ɗan kati ne. Muka shiga. Ƙasa take ƙwarai, kujera biyu tak, sai da gwiwoyina suka yi ƙorafi. Na danna abin da ya ce in danna, na zauna ina jiran ta tashi. Ya ce, "Ai ta tashi." Anselmo, ko ƙis! Kamar na zauna a coci ranar da ba taro.

Na taka totur a hanyar da ke hawa dutse, sai kujera ta fizge ni ta rungume. Babu giya, babu shaƙewa, tafiya kawai kamar an sako kibiya. In ka ɗaga ƙafa kuma ita da kanta take rage gudu, birki sai ka ga dama. Na shiga kwana ta farko, ta kwanta ta manne da kwalta. Na shiga ta biyu ban rage ba, Warren ya kama bel da hannu biyu yana kiran sunan uwarsa. Na yi dariya, irin wadda na manta ina da ita. Nan na ce a raina, wannan za ta juya hanjin tsohona.

Da muka fito miƙaƙƙiyar hanya, na kai ta mil saba'in, na ce masa, "Yi mini raɗa." Ya dube ni kamar na zare. Na ce, "Kada ka matso, zauna inda kake, ka dubi gaba, ka faɗi ko mene ne can ƙasa-ƙasa, kamar mai mura." Sai ya raɗa cewa matarsa ta ce ya sayo ƙwai in zai dawo, kuma ya san zai manta. Na maimaita masa kalma bayan kalma. Sai na kunna sigina, na gangara gefe, na kifa kaina a kan sitiyari na yi kuka mai isata. Da na share hawaye na ba shi labarinka duka. Ya cire tabarau yana ta gogewa da gefen rigarsa.

Daga nan fa aiki ya koma namu mu biyu. Suna da mai rufin yadi, wadda ake naɗewa iska ta bugi mutum. Kyakkyawa ce, na san ita idonka zai fara kai wa. Muka fita da ita, ya yi raɗa, rabin maganar iska ta cinye. Na ce a'a, rufi mai ƙarfi nake so. Akwai manyan tayoyi masu walƙiya, waɗanda samari ke mutuwa a kansu, amma suna gurnani a kan kwalta. Na zaɓi ƙanana masu soso a ciki, masu haɗiye ƙara. Na ƙara da gilashi mai ninki biyu. Mota uku muka gwada, a ta ukun maganar raɗa ta ƙare wa Warren, sai sunayen 'ya'yansa yake jero mini, ina amsawa ɗaya bayan ɗaya. Kujera kuwa na sa a yi mai ɗumi, saboda bayanka da kake musun yana ciwo.

Akwai wani abu da ake sayarwa daban, wai muryar inji. Lasifika ce ke kwaikwayon rugugin tsohuwar mota, a cika maka kunne da ƙarar da babu ita. Warren ya ce duk mai fitowa daga mota irin Baƙa shi yake fara tambaya, kuma ƙa'idar aikinsa ce ya kunna wa kowa ya ji. Ya danna. Rugugin nan ya cika motar, na ga leɓɓanka suna motsi, na ga wuyanka, na ga ka juya taga. Na ce, "Kashe!" Ya kashe, ya ɗauki alƙalami ya soke layin da hannunsa. Ka ji fa, hasken raina, mutane na biyan kuɗi a toshe musu kunne! Ni ko kyauta aka ba ni ba na so.

Kada ka damu, ban sayar da Baƙa ba. Tana gareji a lulluɓe, ina kunna ta duk Lahadi don kada batir ya mutu. Ba na gaba da ita. Amma ba za ta ƙara shiga tsakanina da bakinka ba.

Na cike takardar duka, sai layi ɗaya: launi. Warren ya shimfiɗa mini su a tebur, shuɗi, fari, ruwan toka, kore, ja. Na ture su. Ranar Juma'a za su tura takardar masana'anta, ya ce ba a tura ta da gurbi. Na ce ya jira, mai zaɓen launi yana Gustine yana fushi. Ina da zato a kan wanda za ka zaɓa, amma ba zan cike da zato ba, kuma ba zan karɓa a rubuce ba. Da bakinka za ka faɗa.

To saurara, farin watana, zumar da ta daɗe a tulu, wadda da ita ake magani. Sun yarda su ba ni ta gwaji yini guda ranar Alhamis. Ƙarfe goma na safe ina ƙofar Gilberto. Ba za ka ji zuwana ba, don ba ta da ƙara, saboda haka hon zan danna in riƙe, har shanunsa su ƙi ba da madara, har ya fito da kansa ya tura ka waje. In ka kulle ƙofa, zan zauna a bakinta. In rana ta faɗi ba ka fito ba, in mai da musu motarsu, in sake roƙo, in dawo wani makon. Ka san ni da naci. Ritaya na yi, ba ni da aikin da ya wuce kai. Ka sa rigarka mai gida-gida, ka aske wannan gemun da Odete ta ce ka tara. Allon nan kuma ka bar shi kan gado, kujera biyu ce a motar, babu wurinsa.

Ni zan ja, kada ma ka fara. Shekarun da na yi da tagar bas a buɗe sun cinye mini kunnen hagu, na dama ne mai kyau, kuma in ina kan sitiyari shi ne ke fuskantarka. Za mu bi ta madatsar ruwa, daidai inda na yi maka tsawa. Ba zan dube ka ba, idona na kan kwalta, yadda kake so. Ba tsawar kasuwa nake nema ba, masoyina, wannan ta manoma ce, sun sha rabonsu. Ɗan abin da ya rage nake so, wanda ba ya kai wa kowa sai wanda ke kusa, kuma wa ya fi ni kusa? Ka faɗi launin. Sannan ka faɗa mini abin da ka ce ranar nan. Wata huɗu da rabi ina juya shi, ina kallon leɓɓanka a zuciyata, na kasa karantawa. Ko "na gode" ne, ko "ina jin tsoro," ko ma cewa ka yi ka gaji da ni, faɗa, in ji da kunnena, zan ɗauka. In ka gama, sai in tsaya in ba ka sitiyari ka juya mini hanji har bakin teku.

Na yi maka alkawari gaban Allah, wannan karon ba zan ce "me ka ce" ba.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da ƙasa za ta rufe mini ido,

Filomena, mai jar riga