Gadar Hanyar Kasuwa

Gazawa

Yaya Iro,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Inna na gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa.

Maigidana Jaye ne ya ce in rubuto. Ka san kwarin nan da suke ƙetarewa bayan iyaka, ɓangaren Najeriya, in za su kai wake kasuwa. Tun bara aka kafa allo wai za a yi gada. Allon na nan da hoton wani mai doguwar hula, gada babu. Ranar kasuwa sai su taru su ɗaga babura su ratsa ruwa. Tunda kai ke tuƙa sanata a Abuja, ko za ka yi mashi magana? Mu nan Nijar ba mu da irin wannan majalisa, ban ma san aikinta ba.

Ƙanwarka,
Zainaba

Abuja

Zainaba,

Salamu alaikum. Takardarki ta iso ta hannun direban tasha. A gaida Inna da Jaye da ɗiyata Ihsan.

Majalisar Dattawa suke ce mata. Kowace jiha na turo mutum uku. Shugaban ƙasa ya kawo kasafin kuɗi, su duba, su ƙara abin da suke so a yi a mazaɓunsu, a buga guduma. Daga nan akwai kwamitoci masu zuwa su ga ko an yi aikin. Maigidana yana cikin kwamitin ayyuka.

Ni dai a waje nake zama. Bana an sayo masu sabbin motoci, kowa da tashi. Wadda nake tuƙawa da, ko ledar kujerun baya ba a cire ba, tana can gindin bishiya tsuntsaye na ɓata ta. Ba wanda ya tambaye ta.

Wata mai zuwa kwamitin zai zo Katsina duba ayyuka, na ga gadarku cikin waɗanda za a je. Zan yi magana in na samu fuska. Ki ce wa Jaye ya yi haƙuri.

Yayanki,
Iro

Gazawa

Yaya,

Ina gaisuwa. Na san an gaya maka ta waya, amma ina so ka ji daga gare ni.

Jaye ya rasu ranar kasuwa. An yi ruwa can gabas, su ba su sani ba, nan ko yayyafi ba a yi ba. Suna tsakiyar kwarin ruwan ya iso. Su huɗu ne riƙe da babur ɗin, biyu suka fita. Washegari aka samu Jaye a gonar wani, buhun waken na kusa da shi ya kumbura ya fashe. Jandarma, 'yan sandanmu, sun zo gida sun rubuta suna.

Ban yi kuka ba. Mata sai kallona suke. Ina tashi, in yi salla, in dama wa Ihsan kunu, in koma tabarma. In aka ce in ci, in ci.

Kun zo Katsinan?

Zainaba

Abuja

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan Jaye, ya sa ya huta, ya ba ki haƙuri.

Mun zo, sati guda kafin abin. A otal aka sauka. Ɗan kwangila ya zo da hotunan wata gada, aka ci abinci, aka sa hannu an gani. Motocin ba su bar cikin gari ba. A hanyar komawa na ce, "Ranka ya daɗe, gadar nan ba a yi ta ba, surukina na bi ta wurin." Yana duba waya. Ya ce, "To, ka tuna mani." Na juya in tuna mashi a Zariya, na tarar ya yi barci.

Jiya ya gabatar da ƙudiri a zauren majalisa kan waɗanda ruwa ya ci a kan iyaka. Mu direbobi a talabijin muka kalla. Ya yi magana mai kyau. Duk suka miƙe tsaye suka yi shiru na minti ɗaya, wasu kujerun babu kowa. Aka miƙa maganar ga kwamitin ayyuka ya bincika. An ce za a sake sa kuɗin gadar a kasafin baɗi.

Da ya fito na buɗe mashi ƙofa, na kai shi gida. Ban ji komai ba, Zainaba, ko haushi. Na wanke motar.

Na nemi hutu, sun ce sai majalisa ta tafi nata. Ki gaida Inna.

Yayanki,
Iro

Gazawa

Yaya,

Na samu takardarka. Inna na amsawa.

Gero ya nuna, maƙwabta za su taya mu girbi, ba sai ka zo ba. An gyara babur ɗin. Tala, ƙanen Jaye, shi zai kai sauran waken ranar kasuwa, don nan ba ya daraja. An ce ruwan ya ɗan ja.

Ka huta lafiya.

Zainaba